Wajibin Da Alƙali Ke Tilastawa Da Wanda Allah Kaɗai Ke Tambaya: Darasi A Kan Alkawari

 Darasin wannan mako a kan wajibi ne, watau abin da ya hau kan mutum har ba shi da damar barinsa. Da yake babin yana da faɗi ƙwarai, za a shige shi ta ƙofa guda wadda kowa ke bi kullum, ita ce ƙofar alkawari.

Ga wani misali wanda irinsa ba baƙo ba ne a zaurukan malamai. Wani attajiri ya ce da ɗan ƙanensa: "Kai, zaman nan ya isa haka. Tafi ka kama rumfa a kasuwa, ni zan ranta maka kuɗin da za ka zuba kaya." Yaro ya durƙusa ya ce, "To Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma." Ya tafi ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi, ya biya hayar shekara, ya sa kafinta ya buga masa kanta. Ran da ya komo da makulli a hannu, sai attajiri ya ce ai magana ce kawai aka yi, ba a rubuta kome ba, kuma shi ya sake shawara. Tambayoyi biyu ne suka taso a nan, kuma mutane sun saba cakuɗa su. Ta farko, shin attajirin nan yana da laifi a wurin Allah? Ta biyu, in yaron ya kai ƙara, alƙali yana da ikon tilasta masa ya ba da rancen? Amsar ɗaya ba ta ɗauke amsar ɗaya.

Ma'anar wajibi

A harshen Larabci asalin kalmar tana nufin faɗuwa da tabbata. Larabawa suna amfani da ita ga rana idan ta faɗi, kuma da wannan ma'ana ta zo a Suratul Hajji, aya ta 36, inda ake zancen raƙuman hadaya idan sun faɗi ƙasa bayan an soke su. Abin da ya faɗo wa mutum ya zauna a kansa, shi ne ya wajaba. Bahaushe ma bai yi nisa da wannan hoto ba, domin yakan ce nauyi ya hau kan wane, ko kuwa bashi yana wuyansa, sa'an nan in ya biya a ce ya sauke. Wannan wuya da ake rataya wa hakki shi ne malaman fiƙihu suke kira zimma.

A wurin malaman usulu kuwa, wajibi ɗaya ne daga hukunce-hukunce biyar: wajibi, da mustahabbi, da halal, da makaruhi, da haram. Shi ne abin da Shari'a ta nema a aikata nema na yanke, wanda ya aikata ya sami lada, wanda ya bari ba da uzuri ba ya cancanci azaba. Malikawa da Shafi'awa ba su bambanta shi da farilla ba, sai a babin Hajji, inda Malikawa suke kiran abin da hadaya take gyarawa wajibi, kamar jifa, su kira abin da ba ya gyaruwa rukuni, kamar tsayuwar Arfa. Hanafawa ne suka raba su ko'ina: abin da ya tabbata da dalili yankakke farilla, wanda dalilinsa bai kai haka ba wajibi, irin sallar wutiri a wurinsu. Wannan duk sananne ne ga ɗaliban zaure. Rabon da ya shafi darasin yau wani ne daban, kuma shi aka fi mantawa.

Ta fuskar hukunci da ta fuskar addini

Malamai sukan ce abu kaza ya lazimci mutum ta fuskar hukunci, watau alƙali yana iya tilasta shi, su kuma ce abu kaza ya lazimce shi ta fuskar addini, watau tsakaninsa da Ubangijinsa. Sau da yawa fuskokin biyu suna haɗuwa, kamar bashin da ke da shaidu. Amma ba kullum ba. Alƙali mutum ne, ba ya ganin zuciya, aikinsa ya tsaya a kan abin da ya bayyana: iƙirari, da shaidu, da rantsuwa. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara da cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, kuma mai yiwuwa ne wani ya fi wani iya tsara hujja. Saboda haka wanda aka yanka wa wani abu daga hakkin ɗan'uwansa kada ya karɓa, domin yanki ne na wuta aka yanka masa. Mai karatu ya lura da wanda ya yi wannan magana. In hukuncin da ya fito daga bakin Annabi bai halatta wa azzalumi dukiyar wani ba, ina ga takardar wata kotu?

Daga nan ne jumhurun malamai suka kafa ƙa'idar cewa hukuncin alƙali ba ya mai da haram halal. Imam Abu Hanifa ya saɓa musu a wani lungu, wajen ƙulla aure da ciniki da warware su, amma game da wanda ya ci dukiyar wani da shaidun zur babu saɓani cewa haram ya ci.

Akwai misali na kusa wanda masu zuwa kotunan Shari'a a Arewacin Nijeriya suka sani, shi ne hauzi. A mazhabar Malik, kamar yadda ya zo a Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan Hijira, idan bare ya riƙe gona ko gida shekara 10 yana nomawa ko yana gini da rushewa, mai ita yana nan a gari yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to in ya zo daga baya ba za a saurari ƙararsa ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo, ana kai shi har shekara 40. Hikimar a fili take: shaidu suna mutuwa, iyakoki suna ɓacewa, kuma a al'ada mutum ba ya kallon ana cin gonarsa shekara da shekaru ya ƙi cewa uffan. Amma wanda ya san a ransa cewa gonar nan aro aka ba mahaifinsa, ya kuma ɓoye wannan ya fake da hauzi, kotu ta rufe bakin mai ƙara ne kawai. Gonar tana nan ta mai ita, kuma kowace damina hatsin wani yake zubawa a rumbunsa.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. A mazhabar Malik alƙali yana tilasta wa mai hali ya ciyar da iyayensa matalauta da 'ya'yansa na cikinsa, amma ba ya tilasta masa ciyar da ɗan'uwa ko kawu. Wannan bai sa yanke zumunci ya zama halal ba. Attajirin da ƙanwarsa take kwana da yunwa a bayan katangarsa babu sammacin da zai same shi, amma tambaya tana jiransa.

Matsayin alkawari

To, ina alkawari ya faɗa a cikin wannan rabo? Ta fuskar addini nassosi suna da nauyi ƙwarai. Aya ta farko a Suratul Ma'ida umurni ce ga muminai su cika abin da suka ƙulla. A Suratul Isra'i, aya ta 34, an bayyana cewa alkawari abin tambaya ne. A farkon Suratus Saffi an zargi masu faɗin abin da ba su aikatawa, aka kuma nuna girman ƙin da Allah Yake yi wa wannan hali. A Suratu Maryam, aya ta 54, da aka zo yabon Annabi Isma'ila, an ambaci gaskiyar alkawarinsa tun kafin a ambaci manzancinsa. Sa'an nan ga hadisin Abu Huraira wanda ya lissafa saɓa alkawari cikin alamomi uku na munafuki, tare da ƙarya da cin amana.

Duk da haka akasarin malamai na Shafi'awa da Hambalawa da Hanafawa sun tafi a kan cewa cika alkawarin alheri mustahabbi ne mai ƙarfi, saɓa shi makaruhi ne, kuma alƙali ba ya tilasta shi. Kada a yi gaggawar zarginsu da sassauci, domin suna da hujja. Suka ce wanda ya yi alkawarin kyauta mai kyautatawa ne, kuma a wurinsu ita kanta kyautar ba ta lazimta sai an karɓa, to yaya alkawarinta zai fi ta ƙarfi? Suka fassara zargin da ke cikin hadisin da wanda ya yi alkawari alhali tun a lokacin ya ƙudura ba zai cika ba. Imam Gazali ya yi irin wannan bayani a Ihya'u, inda ya raba tsakanin mai niyyar saɓawa da wanda ya yi niyyar cikawa sai uzuri ya tare shi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Ibn Shubruma, alƙalin Kufa wanda ya rasu a shekara ta 144 bayan Hijira, wanda ya ce kowane alkawari lazimi ne kuma ana hukunci da shi. Buhari ma ya ambaci wani alƙalin Kufa, Ibn Ashwa', da ya yi hukunci da alkawari.

Malikawa sun tsaya a tsakani, kuma a nan ne aka yi aikin da ya cancanci a tsaya a duba. An ruwaito zantuka huɗu a cikin mazhabar. Na farko, ana hukunci da alkawari ko wane iri ne. Na biyu, ba a hukunci da shi sam. Waɗannan biyu malaman mazhabar sun raunana su. Na uku shi ne na Asbag ɗan Faraj, malamin Masar wanda ya rasu a shekara ta 225: idan an ambaci dalilin alkawarin, kamar mutum ya ce yana son ya yi aure a ranta masa, aka ce masa to, ya lazimta ko da bai riga ya yi auren ba. Na huɗu shi ne mashahuri, shi ne na Ibn Ƙasim wanda ya rasu a shekara ta 191, da Sahnun na Ƙairawan mai Mudawwana wanda ya rasu a shekara ta 240: alkawari yana lazimta a gaban alƙali idan an rataya shi ga wani dalili, kuma wanda aka yi wa ya riga ya shiga cikin dalilin nan saboda alkawarin. Misalan da aka ruwaito daga Sahnun sun yi kama da abin da ke faruwa a kowace unguwa: a ce wa mutum ya rushe gidansa za a ranta masa abin gini, ko ya fita zuwa Hajji, ko ya sayi haja, ko ya yi aure, ya kuwa aikata. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 684, ya kawo wannan bahasi a littafinsa Alfuruƙ, ya nuna cewa da irin wannan rarrabewa ake haɗa dalilan ɓangarorin biyu.

Sirrin zance na huɗu shi ne cuta. Muddin alkawari yana baki kawai, wanda aka yi wa bai rasa kome ba sai sa rai, kuma kotu ba ta auna sa rai. Amma da zarar ya rushe ɗaki ko ya sayar da abin hannunsa, maganar wancan ce ta jefa shi rami, Shari'a kuwa ta hana cuta da cutarwa. Ba don alkawarin ya rikiɗa ya zama ciniki ake tilasta shi ba, sai don a fitar da mutum daga ramin da aka tura shi. Wannan ra'ayi ya fi sauran dacewa da yadda mutane suke zaune, domin bai mai da kowace maganar fatar baki shari'a ba, bai kuma bar mai ƙarfi ya yi wasa da rayuwar mai rauni ba. Hanafawa na baya ma sun matso kusa da shi, domin Majalla, kundin dokokin ma'amala na Daular Usmaniyya ta Turkiyya wanda aka kammala a 1876, ta tabbatar a sashe na 84 cewa alkawarin da aka rataya ga sharaɗi yana lazimta.

In aka koma ga attajiri da ɗan ƙanensa, amsa ta fito. An ambaci dalili, shi ne kama rumfa. Yaro ya shiga cikinsa, ya sayar da babur, ya biya haya. A bisa mashahurin mazhaba alƙali zai hukunta wa attajiri ya ba da rancen, muddin yaron ya kawo shaidun da suka ji maganar, ko shi attajirin ya amsa da bakinsa. In babu shaida kuma ya musa, ƙara za ta faɗi, ya fita kotu yana murmushi, amma hadisin Ummu Salama yana biye da shi har gida. Da a ce kuwa cewa ya yi kawai, "Wata rana zan taimake ka," yaro bai taɓa kome nasa ba, to babu hukunci, sai abin da ke tsakaninsa da Allah da kuma mutuncinsa a idon dangi.

Wata ƙila masu karatun dokar Turawa su so su gwada. A dokar Ingila, wadda Nijeriya ta gada a fannin kwangila, alkawarin da ba a ba da kome a madadinsa ba kotu ba ta tilasta shi, sai in an yi shi cikin takarda ta musamman. A 1946 ne alƙali Denning ya buɗe wata 'yar kafa, a shari'ar wasu gidajen haya na birnin Landan da mai su ya yarda a 1940 ya rage rabin kuɗin haya saboda yaƙi ya kore mutane. Denning ya yarda a koma biyan cikakkiyar haya bayan gidajen sun sake cika, amma ya bayyana cewa da mai gidan ya nemi cikon shekarun yaƙi da ba a ba shi ba, tun da an dogara da maganarsa. Sai dai a Ingila wannan ƙa'ida garkuwa ce ga wanda ake ƙara, ba a kafa sabuwar ƙara da ita. Abin da Sahnun ya faɗa fiye da shekara 1,000 kafin nan ya zarce haka, domin ya ba wanda aka cuta damar ya zo da kansa ya nema.

Tsakanin "zan ba ka" da "na ba ka"

Akwai wani abu da ya yi kama da alkawari amma ya fi shi ƙarfi, malamai suna kiransa iltizami, watau mutum ya ɗora wa kansa wani alheri tun yanzu. Shaihu Haɗɗab, mai sharhin Mawahibul Jalil a kan Muhtasar na Halil, wanda ya rasu a shekara ta 954 bayan Hijira, ya keɓe wa wannan babi littafi sukutum mai suna Tahrirul Kalam fi Masa'ilil Iltizam. Tushen babin wata ƙa'ida ce da aka ruwaito daga Malik, cewa wanda ya wajabta wa kansa alheri ya lazimce shi, matuƙar bai mutu ba ko bai tsiyace ba. Saboda haka a mazhabar Malik kyauta tana ƙulluwa da furuci. Wanda ya ce "Na ba ka wannan saniya" ba shi da damar fasawa, kuma wanda aka ba yana iya zuwa kotu ya nemi a miƙa masa. Amma in ya yi sakaci bai karɓa ba har mai kyautar ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa, kyauta ta ɓaci. Magada da yawa sun ɓata da juna a kan wannan gaɓa, wani ya ce ai Baba ya ba ni filin nan tun yana da rai, alhali bai taɓa kafa ko turke a ciki ba.

Yaya ake gane iltizami daga alkawari? Malamai suka ce a duba yanayin magana da abin da ya kewaye ta, amma galibi fi'ilin da ya shige yana nuna iltizami, mai zuwa kuwa yana nuna alkawari. A nan akwai abin lura ga mai Hausa. "Zan ba ka" alkawari ne a fili. Amma "na ba ka" a rubuce fuska biyu gare ta: in an ɗaga murya a kan "na" an riga an bayar, in kuwa an karya muryar ta sauko, ma'anarta wata rana a bayar, wadda ma ta fi "zan ba ka" rauni. Kunne yana rarrabewa, takarda ba ta rarrabewa. Mai rubuta wa mutane takardar kyauta ya kamata ya ƙara kalmar da za ta yanke shakka, kamar ya rubuta cewa an mallaka daga yau, ya sa kwanan wata da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma kunyar da ke hana dangi rubutu a tsakaninsu ita ce take kai su gaban alƙali daga baya.

Wani reshe na wannan babi yana ƙara nuna rabon fuskokin nan biyu. In mutum ya ce gidansa sadaka ne ga wane, ya ambaci suna, ana hukunta masa ya miƙa. In kuwa cewa ya yi sadaka ne ga matalauta bai ayyana kowa ba, alƙali ba ya tilasta shi, domin babu wani ayyanannen mai hakki da zai tsaya ya nema. Amma ana umurtarsa da ya cika tsakaninsa da Allah. Suratut Tauba, daga aya ta 75 zuwa ta 77, ta ba da labarin waɗanda suka yi wa Allah alkawarin sadaka in Ya wadata su, da Ya wadata su suka yi rowa, sai aka gadar musu da munafunci a zukatansu. Masu tashi a taron gina masallaci su ambaci buhun siminti 100 don a yi kabbara, sa'an nan a neme su a rasa, su duba waɗannan ayoyi.

Baiko ma alkawari ne, ba aure ba ne. Babu alƙalin da zai tilasta wa uba ya ɗaura wa 'yarsa aure don an sa rana, ko ya tilasta wa saurayi, domin aure ba ya ƙulluwa sai da yarda, kuma cutar auren dole ta fi cutar fasawa. Abin da kotu take dubawa shi ne kaya. Abin da Malikawan baya suka rinjayar shi ne, in namiji ne ya fasa ba ya karɓar abin da ya bayar, in kuwa daga wajen mace aka fasa sai a mayar masa, sai fa in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa wa haka. Amma wanda ya tsare 'yar mutane shekara uku, ya kore mata manema, sa'an nan ya janye ba da wani dalili ba, barin lefe bai biya abin da ya ɓata ba. Tela da kafinta kuwa da suke karɓar kuɗin aiki su sa ranar da suka san ba za su gama ba, musamman gab da Salla, nasu ya wuce alkawarin alheri. Ƙulli ne na ijara da aka biya, lazimi ta kowace fuska.

Mas'alar a bankunan Musulunci

Wannan tsohon bahasi ya sake tashi a zamanin nan saboda cinikin murabaha. Mutum yakan je banki ya ce a sayo masa mota ko injin niƙa, shi kuwa ya yi alkawarin zai saya daga bankin da riba sananniya, ya biya sannu a hankali. In banki ya sayo kaya mutumin ya ce ya fasa, wa zai ɗauki hasara? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa alkawari yana lazimtar mai shi ta fuskar addini sai da uzuri, yana kuma lazimtarsa ta fuskar hukunci in an rataya shi ga dalili kuma wanda aka yi wa ya kashe kuɗi saboda shi. A nan ko dai ya cika, ko ya biya hasarar da ta auku a zahiri. Mai karatu zai gane cewa zancen Ibn Ƙasim da Sahnun ne aka ɗauko. Majalisar ta kuma hana a ɗaure ɓangarorin biyu gaba ɗaya ba tare da zaɓi ba, domin in an yi haka alkawarin ya zama ciniki, banki kuwa ya sayar da abin da bai mallaka ba tukuna.

Wasu malamai ba su gamsu ba. Suka ce Malikawa sun faɗi wannan hukunci ne a kan alheri, kamar rance da kyauta da aro, ba a kan cinikin riba ba, kuma ɗauko shi daga can a dasa a nan yana iya buɗe ƙofar da su Malikawan da kansu suka rufe a babin cinikayyar ajali. Wannan suka tana da nauyi, bai kamata a share ta ba. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a Nijeriya a 2012, wasu kuma suka biyo baya, mas'alar ta zo har ƙofar gida. Wanda zai sa hannu a takardar murabaha ya karanta sashen alkawari da kyau, ya tabbata cewa bankin yana mallakar kayan kafin ya sayar masa, kuma abin da za a ci shi in ya fasa bai wuce hasarar gaske ba.

Uzuri, da abin da ya rage bayan mutuwa

Ba kowane mai saɓawa ne mai laifi ba. Wanda ya yi alkawari da zuciya ɗaya, sa'an nan gobara ta ci shagonsa ko ciwo ya kwantar da shi, babu zunubi a kansa, sai dai ya sanar da wuri, kada ya bar mutum yana ta sintiri a ƙofar gidansa ana ce masa ba ya nan. Wanda ya yi alkawarin saɓon Allah kuwa saɓa shi ne wajibi. Abin da ba uzuri ba ne shi ne mai da "in Allah Ya so" ƙofar gudu. An yi umurni da faɗinta a Suratul Kahfi domin bawa ya tuna cewa gobe ba a hannunsa take ba. Wanda ya faɗe ta alhali ya riga ya yanke a ransa ba zai yi ba, ya haɗa ƙarya da fakewa da sunan Allah. Har ta kai wasu in an ce musu "in Allah Ya so" sai su ce a dai faɗa musu gaskiya, wannan kuwa abin kunya ne ga al'ummar Musulmi. Kuma babu ƙaramin alkawari. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa yana yaro mahaifiyarsa ta kira shi da cewa za ta ba shi wani abu, Annabi yana zaune a gidansu. Ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba da an rubuta mata ƙarya.

Saura mas'alar wanda ya rasu da alkawari a bakinsa. Ta fuskar hukunci an riga an ga cewa alherin da ba a karɓa ba yana faɗuwa da mutuwa, domin dukiya ta koma ta magada, ba a kuwa tilasta musu su yi kyauta da abinsu. Bashi ne ake fitarwa kafin rabo, alkawari ba ya cikin wannan layi. Amma magadan da suka san mahaifinsu ya ce zai kai wane makaranta ko zai rufa wa wance ɗaki, in dukkansu baligai ne suka kuma yarda, ko wani ya ɗauka daga rabonsa, sun bi sawun Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya yi wa Jabir ɗan Abdullahi alkawarin zai ba shi daga dukiyar Bahraini in ta iso, ya nuna da hannuwansa sau uku, amma dukiyar ba ta iso ba sai bayan wafatinsa. Da ta iso, Abubakar ya sa aka yi shela cewa duk wanda yake bin Annabi bashi, ko Annabi ya yi masa alkawari, ya zo. A shelar an jera alkawari tare da bashi. Jabir ya zo ya faɗi abin da aka ce masa, Abubakar ya kamfata masa da hannu biyu ya ce ya ƙirga. Ya ƙirga ya sami 500, sai ya ce masa ya ƙara ɗaukar biyun haka. Allah ne Mafi sani.